Muhammad Al-Katsinawi: Malamin da ya kai lissafin hatimi daga Katsina zuwa Alƙahira

A shekarar 1154 ta Hijira, wadda ta yi daidai da 1741 ta Miladiyya, Allah Ya yi wa wani malami Bakatsine rasuwa a birnin Alƙahira na ƙasar Masar, a gidan ɗaya daga cikin manyan malaman Azhar na wancan zamani. Sunansa Muhammad ɗan Muhammad Al-Fulani Al-Katsinawi, ko kuma Al-Kashnawi kamar yadda Larabawa ke rubutawa. Ya bar littattafai a kan nahawu da manɗiƙi da ilimin taurari, amma wanda ya fi ɗaukaka sunansa a wurin masana tarihin lissafi shi ne wanda ya tattara hanyoyin gina hatimi a cikinsa.

Hatimi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A zaurukan karatu na Tambuwal da Kebbe, da Dogon Daji da Jabo, kamar sauran garuruwan kudancin Jihar Sakkwato, da wuya a sami dattijon da bai taɓa ganin murabba'in nan mai gidaje tara a jikin allo ko a gefen tsohon kundi ba. Mafi yawan masu ganinsa sun ɗauke shi a matsayin sha'anin asiri kawai, wasu na girmama shi, wasu na gudunsa. Kaɗan ne suka san cewa a ƙarƙashin waɗannan gidaje akwai ƙa'idar lissafi tsantsa, wadda duk mai biro da takarda zai iya jarrabawa ya ga gaskiyarta, kuma cewa ɗan ƙasar nan ne ya zauna ya rubuta ta dalla-dalla kusan shekara 300 da suka wuce.

Katsinar da ta raine shi

Malam Muhammad ya tashi ne a lokacin da Katsina ke kan ganiyarta. Ayarin raƙuma na shigowa daga Agadas da Gat da Gadamas da gishiri da tufafi da takarda, fatake kuma na fita kudu da yamma neman goro. Tare da haja, littattafai na shigowa, malamai na sauka. Tun ƙarshen ƙarni na 15 Shehu Al-Maghili ya ziyarci birnin, hasumiyar Gobarau kuma tana nan tsaye har yau tana shaidar tsufan karatu a wurin. A ƙarni na 17 birnin ya ga zamanin Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667. Ɗalibin da ya tashi bayansu ya tarar da rijiya an riga an haƙa.

A cikin jerin laƙabobinsa akwai Ɗanrankawi, wanda masana tarihi ke dangantawa da Ɗan Ranko, wani tsohon gari na fatake a ƙasar Katsina. Bafulatani ne, Bamalike a mazhaba, kuma kamar ɗaliban zamaninsa, bai tsaya ga malami ɗaya ko gari ɗaya ba.

Mafi yawan abin da aka sani game da karatunsa ya zo ne ta hannun mashahurin marubucin tarihin Masar, Abdurrahman Al-Jabarti, a littafinsa Aja'ibul Asar. Ya ambaci malamansa, cikinsu har da Muhammad Al-Wali, malamin nan na ƙasar Bagirmi da Barno, da Shehu Hashim, da Shehu Muhammad Bindu, da Shehu Muhammad Fudu, sunan da kunnen mutumin ƙasar Sakkwato ba zai ji shi baƙo ba. A wurin Muhammad Fudu ya karanta mafi yawan littattafan adabi, ya lizimce shi a zaman gida da halin tafiya kimanin shekara 4, har ya ƙware a sarfu da nahawu. Saboda ya haddace Maƙamat, har ta kai idan aka ambaci kalma ɗaya daga ciki yakan kawo wadda ta gabace ta nan take, malaminsa ya yi masa laƙabi da ma'abucin Maƙamat. Da ya ga zurfinsa a nahawu sai ya koma kiransa Sibawaihi, sunan limamin malaman nahawun Larabci.

A wurin Muhammad Bindu kuwa ya ɗauki hisabi, da ilimin sanin lokuta bisa tsarin malaman Magrib, da ilimin haruffa da aufaƙi, wato ilimin hatimai. Abin lura a nan shi ne, duk wannan karatu ya yi shi ne a ƙasashen Sudan ta Tsakiya, tsakanin ƙasar Hausa da Barno, kafin ya taka ƙasar Larabawa. Da ya isa Masar, ya isa ne da abin koyarwa a hannunsa.

Daga Makka zuwa Alƙahira

Ya yi yawo a ƙasashe da dama kafin ya sauke farali a shekarar 1142 ta Hijira, wato 1730. Aikin hajji a wancan zamani ba tafiyar awa biyar ba ce a jirgin sama. Mahajjaci daga ƙasar Hausa yakan yi watanni, wani lokaci shekaru, a kan raƙumi da ƙafa, kuma da yawa sukan yi sallama da iyalansu sallamar da ba a sa ran komowa. Bayan hajji ya zauna maƙwabtaka da Ɗakin Allah, kuma a nan Makka ya fara rubuta babban littafinsa Ad-Durrul Manzum, a kan ilimin ɗalasimai da taurari, wanda ya gina a kan As-Sirrul Maktum da ake jingina wa Fakhruddin Ar-Razi. Ya kammala shi a Alƙahira a shekarar 1146.

Shekara guda kafin haka, a 1145 ta Hijira, wadda ta ratsa 1732 da 1733, ya gama Bahjatul Afaƙ, littafin da ya keɓe wa ilimin haruffa da aufaƙi. Ma'anar cikakken sunan littafin ta nuna manufarsa: warware rikitarwa da buɗe abin da ya kulle a wannan fanni. Ya kuma rubuta Bulugul Arab a kan nahawu, da waƙen manɗiƙi mai suna Manhul Ƙuddus, wanda ya yi wa sharhi da kansa.

A Alƙahira ya haɗu da Shehu Hasan Al-Jabarti, mahaifin marubucin tarihin da aka ambata. Hasan, wanda ya rayu daga 1698 zuwa 1774, malamin fiƙihu ne na mazhabar Hanafiyya, kuma yana cikin waɗanda ake komawa gare su a Masar kan ilimin falaki da lissafi. Shi ne wanda daga baya ya tsaya kan gyaran sikelin 'yan kasuwar Masar bayan ma'aunai sun lalace, har ya rubuta littafi a kan haka. Mutum mai irin wannan matsayi ne ya zauna gaban Bakatsine ya ɗauki ilimin aufaƙi.

Mene ne hatimin lissafi?

Hatimin lissafi murabba'i ne da aka raba gida-gida, yawan gidajen kwance daidai da na tsaye, aka zuba lambobi a jere daga 1 ba tare da maimaita ko ɗaya ba, ta yadda jimillar kowane layin kwance, da kowane layin tsaye, da layuka biyu da suka ratsa daga kusurwa zuwa kusurwa, za ta zama ɗaya. Mafi ƙanƙanta shi ne musallasi, mai gida 3 a kowane gefe:

4  9  2
3  5  7
8  1  6

Ta duk inda aka tara, 15 za a samu. Wannan shi ne wanda malamai ke kira Baduhu, saboda lambobin kusurwoyinsa, 2 da 4 da 6 da 8, su ne ƙimar haruffan ba da dal da wau da ha a lissafin abjadi. Ana kuma jingina shi ga Imam Al-Gazali.

Hatimai sun kasu gida biyu: masu gefe shafa'i, kamar 4 da 6 da 8, da masu gefe wutiri, ko mara, kamar 3 da 5 da 7 da 9. Masu wutiri suna da abin da 'yan uwansu ba su da shi, wato gida ɗaya tak a tsakiya, kuma a kansu ne sashen Bahjatul Afaƙ da ya fi jan hankalin masana lissafi ya yi bayani.

Kafin a rubuta ko da lamba ɗaya, akwai hanyar sanin jimillar da za a samu. A ninka yawan gidajen gefe da kansa, a ƙara 1, a raba biyu. Abin da ya fito shi ne lambar da ke tsakiyar jerin. Idan aka ninka ta da yawan gidajen gefe, an sami jimillar kowane layi. A musallasi, 3 sau 3 tara ne, a ƙara 1 ya zama 10, rabinsa 5, sau 3 ya ba da 15. A muhammasi mai gefe 5, lambar tsakiya 13 ce, jimilla 65. A musabba'i mai gefe 7, tsakiya 25, jimilla 175. A mai gefe 9, tsakiya 41, jimilla 369.

Tafiyar karkace

Hanya mafi sauƙi, wadda malaman lissafi na ƙasashen Musulmi suka daɗe da sani, ita ce ta tafiya a karkace. Sharaɗinta na farko shi ne a ɗauka gefunan murabba'in a haɗe suke, kamar tabarmar da aka naɗe: wanda ya fita ta ƙasa zai ɓullo ta sama, wanda ya fita ta dama zai ɓullo ta hagu.

A sa 1 a gidan da ke ƙarƙashin gidan tsakiya. Daga nan kowace lamba ta gaba tana sauka gida ɗaya ƙasa, gida ɗaya dama. Idan aka tarar da gidan da za a shiga a cike, sai a sauka gida biyu ƙasa a miƙe daga lambar da aka rubuta ta ƙarshe, a ci gaba da tafiyar karkace. A musallasi, 1 na zama a tsakiyar layin ƙasa. Lamba 2 ta fita ta ƙasa, ta ɓullo a kusurwar sama ta dama. Lamba 3 ta fita ta dama, ta ɓullo a farkon layin tsakiya. Gidan da 4 zai shiga akwai 1 a ciki, saboda haka ya sauka gida biyu daga 3, ya zagayo kusurwar sama ta hagu. Haka za a bi har 9, sai ga Baduhu ya fito da kansa.

Ƙa'idar nan ba ta canzawa komai girman hatimin, muddin gefensa wutiri ne. Ga abin da take bayarwa a muhammasi:

11  24  7  20  3
4  12  25  8  16
17  5  13  21  9
10  18  1  14  22
23  6  19  2  15

Kowane layi 65 ne, 13 kuma tana zaune a tsakiya kamar yadda lissafi ya faɗa tun farko. Ɗalibin da ya riƙe wannan ƙa'ida zai iya cika hatimi mai gida 81 ko 121 ba tare da ya tara ko da layi ɗaya ba.

Tsallen doki

Daga cikin hanyoyin da Malam Muhammad ya yi bayaninsu akwai wadda ake kira tsallen doki. Sunan ya samo asali ne daga shaɗaranji, darar Farisawa da Larabawa, inda doki ke tsallake gida biyu a miƙe sannan ya karkata gida ɗaya. Marubutan aufaƙi sun saba aron tafiyar 'ya'yan wannan dara domin su taƙaita bayani.

Ga misali ɗaya na irin wannan hanya. A sa 1 a kusurwar sama ta hagu. Kowace lamba ta gaba tana sauka gida biyu ƙasa, ta matsa gida ɗaya dama, gefuna kuma a haɗe suke kamar dā. Idan aka tarar da gida a cike, wanda a muhammasi yakan faru bayan kowace lamba biyar, sai a hau gida ɗaya sama daga lambar ƙarshe a ci gaba:

1  14  22  10  18
25  8  16  4  12
19  2  15  23  6
13  21  9  17  5
7  20  3  11  24

Wannan ya fi na farko cika. Ban da layukan kwance da na tsaye da na kusurwa, hatta layukan karkace da suka karye suka zagayo ta ɗaya gefen suna ba da 65. A duba 14 da 16 da 23 da 5 da 7, ko 22 da 4 da 6 da 13 da 20. Saboda haka ko daga wane gida aka fara, sakamakon zai yi daidai. Sai dai wannan siga tana da iyaka: tana aiki a gefe 5 da 7 da 11 da 13, amma ba ta aiki a 3 da 9 da 15, wato duk lambar da 3 ke raba ta. Sanin inda hanya ke aiki da inda take tsayawa shi ne ya bambanta masani da mai kwaikwayo, shi ya sa littafi irin Bahjatul Afaƙ bai tsaya ga hanya ɗaya ba.

Me ya sa lissafin ke fita daidai?

Amsar tana kusa da hannun duk wanda ya taɓa ƙirga haja ɗauri-ɗauri, ko ya ji labarin yadda kakanni ke ƙirga wuri biyar-biyar. Kowace lamba daga 1 zuwa 25 ana iya fasa ta gida biyu: ɗauri da 'yan kai. Ɗaurin shi ne 0 ko 5 ko 10 ko 15 ko 20, 'yan kan kuma daga 1 zuwa 5. Lamba 24 ita ce 20 da 4, lamba 7 ita ce 5 da 2.

A ɗauki layin sama na muhammasin farko: 11 da 24 da 7 da 20 da 3. Ɗaurinsu 10 da 20 da 5 da 15 da 0, kowanne ya zo sau ɗaya, jimilla 50. 'Yan kansu 1 da 4 da 2 da 5 da 3, su ma kowanne sau ɗaya, jimilla 15. A haɗa 50 da 15, an sami 65. Aikin tafiyar karkace da tsallen doki duka shi ne su rarraba ɗauri da 'yan kai ta yadda babu layin kwance ko na tsaye da zai sami iri ɗaya sau biyu. Rabo ne na adalci, irin na mai raba kaya tsakanin shaguna biyar da ba ya son wani ya fi wani.

Haka nan dabarar da malaman zaure ke bi idan suna son musallasi ya ba da wata jimilla ta daban lissafi ce zalla. Sukan cire 12 daga adadin, su raba abin da ya rage gida uku, su fara da abin da ya fito. Mai son jimillar 60 zai cire 12 ya bar 48, ya raba uku ya sami 16, ya zuba lambobi daga 16 zuwa 24 a gidajen 1 zuwa 9. Kowane layi zai ba da 60. Ɗalibin sakandare zai gane wannan a matsayin aljabara, ko da yake mai yin ta a zaure bai taɓa kiranta da wannan suna ba.

Matsayinsa a tarihin fannin

Adalci ga tarihi shi ne a faɗi cewa ba Malam Muhammad ne ya ƙago hatimi ba. Mutanen Sin sun san musallasi tun zamani mai nisa. A ƙarni na 10, rubuce-rubucen Ikhwanus Safa na Basra sun kawo hatimai daga gefe 3 zuwa 9, Abul Wafa Al-Buzjani ya yi rubutu a kan ginin su, Ibnul Haisam ya biyo baya, sannan a ƙarni na 13 sunan Ahmad Al-Buni ya yaɗu da su a fagen ilimin asirai. Turawa sun same su ne daga baya. Hanyar da littattafan makarantun boko ke kira ta Siyam, wadda 'yar uwar tafiyar karkace ce, wani jakadan Faransa mai suna La Loubère ne ya buga ta a 1691 bayan dawowarsa daga ƙasar Siyam, wato Tailan ta yau, shi ma ya ce asalinta daga Indiya ne.

Aikin Bakatsinen shi ne tattarawa da tsarawa da bayyanawa. Ya haɗa hanyoyin da suka warwatsu, ya jera su yadda ɗalibi zai bi mataki-mataki, ya kuma ƙarfafa wa mai koyo gwiwa kada ya yanke ƙauna idan abin ya yi masa wuya. Ya yi haka ne a daidai zamanin da Benjamin Franklin na Amurka ke wasa da irin waɗannan murabba'ai, kuma shekaru da dama kafin Leonhard Euler ya rubuta nasa binciken a kansu. Fasa lamba zuwa ɗauri da 'yan kai shi ne tushen abin da Euler ya zurfafa, wanda a ƙarni na 20 masana aikin gona suka ɗauka wajen tsara filayen gwajin iri da taki, kuma shi ne ƙashin bayan wasan Sudoku da jaridu ke bugawa.

Fannin yana da zurfin da ido ba ya gani da farko. Musallasi iri ɗaya ne tak, idan ba a ƙirga juya shi da kifa shi ba, waɗanda ke ba da fuska 8. Mai gefe 4 yana da iri 880. Muhammasi kuwa sai a 1973 aka ƙirga shi da kwamfuta, aka sami 275,305,224.

Tsakanin lissafi da asiri

Ba za a fahimci Malam Muhammad ba idan aka mayar da shi farfesan lissafi irin na jami'ar yau. Shi da malamansa sun ɗauki haruffa da lambobi a matsayin ma'ajiyar asirai, ya kuma shawarci ɗalibansa da su yi aikinsu a keɓe, kada su watsa shi ga kowa. A nan ne malaman Musulunci suka daɗe da saɓani. Ibn Khaldun, a Muƙaddimarsa, ya soki ilimin asiran haruffa, ya kusanta shi da sihiri. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda aka haifa a 1754, shekara 13 bayan rasuwar Bakatsinen, ya yi kakkausan gargaɗi a Nurul Albab ga masu da'awar sanin gaibu ta hanyar duba da bugun ƙasa da taurari. Ɗansa Muhammadu Buhari ne ya zauna a Tambuwal ya mayar da ita ribaɗi, kuma karatun wannan yanki ya ginu ne a kan koyarwar gidan.

Hukuncin amfani da hatimi wajen neman biyan buƙata magana ce ta malaman fiƙihu da aƙida. Amma cewa 11 da 24 da 7 da 20 da 3 sun tashi 65, wannan ba ya buƙatar fatawa. Asarar da aka yi ita ce, masu riƙe da hatimi sun ɓoye lissafinsa tare da asirinsa, masu ƙyamar asirin kuma suka zubar da lissafin tare da shi. Tsakanin ɓoyewa da zubarwa, aka wayi gari yaro a Kebbe ko Tambuwal yana tsoron darasin lissafi a matsayin baƙon abu da Bature ya kawo, alhali wataƙila kundin kakansa cike yake da shi.

Rasuwarsa da makomar littattafansa

Malam Muhammad bai koma Katsina ba. Ya rasu a gidan Hasan Al-Jabarti, bayan ya naɗa shi wasiyyi a kan dukiyarsa da littattafansa. Hasan ya binne shi a maƙabartar Mujawirin, a sashen da ake kira Bustanul Ulama, ya yi gini a kan kabarin, ya rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa. Abdurrahman, wanda aka haifa fiye da shekara 10 bayan haka, bai taɓa ganinsa ba. Ya san shi ne ta bakin mahaifinsa da ta littattafan da ya tashi ya tarar a gidansu, kuma da bai rubuta ba, da sunayen malaman Bakatsinen da labarin karatunsa sun bi iska.

Daga baya an buga Ad-Durrul Manzum a ɗab'i a Alƙahira. Wani kwafin Bahjatul Afaƙ na rubutun hannu yana ɗakin karatu na makarantar nazarin ƙasashen Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan. A 1962 Bivar da Hiskett suka sa sunansa a bincikensu kan rubuce-rubucen Larabci na Nijeriya kafin jihadi. A 1967 Hassan Gwarzo ya yi nazarin bayaninsa kan ramzi, wato rubuta shekara da haruffa. A 1973 wata malamar lissafi 'yar Amurka, Claudia Zaslavsky, ta kawo hanyoyinsa a littafinta kan lissafin mutanen Afirka, wanda ya kai sunansa azuzuwan ƙasashen da bai taɓa jin labarinsu ba. Masanin tarihin lissafi Jacques Sesiano na ƙasar Suwizalan shi ma ya yi nazarin hanyoyin nasa.

Tarihinsa ya nuna cewa ilimi yana rayuwa ne da abu biyu: wanda ya rubuta, da wanda ya adana. Bakatsinen ya sami Hasan Al-Jabarti. A gidajen malamai na Tambuwal da Kebbe da sauran garuruwan tsohuwar Daular Usmaniyya akwai gafakoki da adakoki cike da takardun da magada ba su iya karantawa, gara da ɗigon damina kuwa ba sa jiran a raba gado. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Gidan Arewa a Kaduna, da jami'o'in yankin, wurare ne da ake iya kai irin waɗannan takardu a duba su, a ɗauki hotonsu. Ɗan kasuwar da ke gina masallaci zai iya ɗaukar nauyin adana kundi ɗaya. Jami'in ilimi da ke tsara darasi zai iya sa sunan Muhammad Al-Katsinawi kusa da na Euler. Uba kuwa, ko da bai mallaki komai ba sai biro da bayan takardar rasit, zai iya zana gidaje 25 ya nuna wa ɗansa inda ake sa 1.

Allah Ya jiƙan Malam Muhammad da rahama, Ya sa ilimin da ya bari ya zama mai amfani.